Yanda ake haɗa kuɗi a bada odar kayan tsohuwar mota ba tare da an ɓata da juna ba

Assalamu alaikum 'yan uwa masu riƙon tsoffin motoci, musamman mu da muke zaune nan Legas. Na daɗe ina son in zauna in rubuta wannan bayanin, dan kusan duk sati sai wani ya tare ni, ko a Agege bayan an sakko Juma'a ko kuma ya kira ni a waya, wai ya akai muka samu sabuwar robar gilashin gaba ta Fijo 504 alhali shi ya zaga kasuwar kayan mota ta Ladipo lungu-lungu bai samu ba sai tsofaffi da suka bushe kamar ƙirgi. Toh gaskiyar magana ba a kasuwa muka siya ba, buga mana ita akai. Haɗuwa mukai mu da yawa mukai karo-karo muka ba wani kamfani oda. Kuma sau biyu mukai, na farko kuɗinmu ya tafi a banza, na biyu Allah ya taimaka ya yi kyau, abinda na koya tsakanin biyun nan shi zan faɗa muku.

Tawa motar 504 ce salun haɗin Kaduna, ta mahaifina ce Allah ya jiƙansa, a cikinta ake kai mu makaranta shi yasa bana jin zan iya rabuwa da ita. Kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kakuri a 1975, kuma bai daina 504 ba sai tsakiyar shekarun 2000, alhali a Faransa tun 1983 suka daina yin salun ɗin. Wannan ne yasa har gobe kayan inji da na ƙasa basa wuyar samu sosai, in ka je Ladipo ko kasuwar ASPAMDA ko ka aika Ƙofar Ruwa a Kano za'a dace. Abinda ya ɓace shine ƙananan abubuwan da rana da ruwa suke cinyewa: robar gilashi, robar ƙofa, murfin fitilar baya, 'yan maɓallan dashbod, kilif ɗin da ke riƙe da farin ƙarfen gefe. Kuma a Legas robar nan ba ado bace. Motar Kano rana ce ke kashe ta, ta Legas ruwa ne. Damina ɗaya in ruwa yana bi ta gefen gilashi yana kwanciya ƙarƙashin kafet, ga iskar teku mai gishiri, kafin ka ankara ƙasan motar ya ruɓe kana ganin kwalta ta ƙarƙashin ƙafarka.

Me yasa sai an haɗu

Duk abinda za'a buga maka na roba ko na filastik sai an fara ƙera mol, wato mazubin ƙarfe da ake zuba abun a ciki ya fito da siffar da ake so. Mol ɗin nan shine tsadar, kuma kuɗinsa ɗaya ne ko guda ɗaya za'a buga ko guda dubu. Bayan haka kowane kamfani yana da mafi ƙarancin adadin da zai yarda ya kunna inji a kai, ba wanda zai tsayar da aikinsa saboda robarka ƙwaya biyu.

Bari in bada misali da lissafi, misali ne kawai ba farashin kasuwa ba. A ce mol naira miliyan 1.2 ne, kowace roba kuma 25,000. In ku goma ne kowa zai ɗau 120,000 na mol ya ɗora 25,000, ya zama 145,000. In kun kai 40 ya sauko 55,000. In kun kai 80 ya koma 40,000. Kaga daga goma zuwa arba'in ragin yana da yawa ƙwarai, amma daga arba'in zuwa tamanin ba wani abun azo a gani bane, sai ma ƙarin ciwon kan mutane. Dan haka kar ku tsaya jiran sai kun cika ɗari, in kun kai inda farashin ya zama kowa zai iya ku rufe kawai.

Amma kafin a je ko'ina, a tabbatar abun da gaske babu shi. Na sha ganin an fara tara kuɗi akan abinda yana nan a shago a wata ƙasa. Marsandi W123 da W124 wadda muke cewa bi-but, kamfaninsu har yanzu yana fitar da kaya da yawa na tsoffin motocinsa. Bitil kuwa, wadda Yarbawa ke cewa ijapa wato kunkuru, sai 2003 aka daina yinta a Meziko, kuma masu buga kayanta a Amurka da Jamus da Birazil basu da iyaka. Ita ma 504 an yi ta a Ajantina har 1999, a Kenya ma an haɗa ta, kuma a Faransa akwai masu sayar da kayan tsoffin Fijo. In abun yana nan a wani wuri toh ba mol kuke buƙata ba, sari kawai zaku yi ku raba kuɗin jirgi, wannan mai sauƙi ne sosai. Maganata a nan akan wanda ya ɓace ne kwata-kwata, ko kuma yana nan amma farashinsa ya fi ƙarfin mutum.

Sannan akwai abinda ni dai bana yarda a yi masa irin wannan odar, kuma ina roƙonku da Allah ku ma kar ku yi: duk abinda ya shafi birki da sitiyari da ƙafar mota, su tayarod da boljoyin da tiyon birki da rim. Roba in ta ƙi zama asarar kuɗi ce, amma boljoyin in ya tsinke kana saman gadar Third Mainland da iyalinka a baya wannan rai ne. Mu bamu da kayan gwada ƙarfin ƙarfe, a bar wa kamfanonin da aka sani.

Motarka da tawa ba lallai iri ɗaya bane

Nan ne mutane ke fara zamewa. Kowa zai ce ai 504 ce, amma salun daban, doguwar nan ta iyali daban, a-kori-kura daban, fitilun bayansu sam ba ɗaya bane, kuma ko a salun ɗin dashbod ya canza tsakanin na farko-farko da na baya. Najeriya ta koma tuƙin hannun dama a watan Afrilu 1972, dan haka motocinmu sitiyari a hagu yake, in kuka ɗauko samfurin dashbod daga motar Kenya ko ta Ingila zai zo muku a juye. Masu Bitil ku naku ya fi rikitarwa, dan kamfanin Volkswagen da ke Ojo kan hanyar Badagry, inda har yau ake kiran tashar da Volks, ya haɗa motoci da kayan Birazil, har da wadda aka sa wa suna Igala, kuma kayan Birazil da na Jamus ba ko'ina suke shiga juna ba. Tsoffin Bitil noti biyar ne masu faɗi a taya, na baya noti huɗu.

Abinda muke yi yanzu shine duk wanda zai shiga sai ya turo hoton lambar shasi, da hoton wurin da abun zai zauna, da shekarar motar in ya sani. Wanda tasa ta bambanta a gaya masa tun wuri a cire shi, gara ya ji haushi yau da ya biya kuɗi ya karɓi abinda bazai masa amfani ba.

Awo da samfur, nan ne duk aikin yake

Ga kuskuren da mukai a karon farko. Mun ciro tsohuwar roba daga wata mota da ta shekara da shekaru a ajiye, muka naɗe muka aika wa kamfanin muka ce a buga mana irinta sak. Su kuwa suka buga irinta sak. Abinda bamu lura ba shine tsohuwar roba ƙanƙancewa take, ta bushe ta motse, leɓenta da ke kama jikin mota ya lanƙwashe. Da kaya suka iso muka kai wajen mai sa gilashi a Mushin, ya ja ya ja, ƙarshe ya ɗago ya ce Alhaji wannan ta gaza, in na matsa gilashin ne zai fashe. Duka haka suke, ba ɗaya ba biyu. Kuma bamu da bakin magana dan abinda muka aika shi aka yi mana, kuma mun riga mun biya duka. Wallahi har yau in na tuna fuskar wani dattijo da ya sa kuɗin fanshonsa a ciki raina baya min daɗi.

Toh yanda ya kamata a yi, a auna motar ba tsohuwar robar ba. A cire gilashi, a auna kewayensa da kaurinsa, a auna bakin ƙarfen jikin mota inda robar ke kamawa, kauri da zurfi, kuma a yi haka a mota uku ko huɗu dan wasu an taɓa yi musu aikin fanel bita sun ɗan goce. A sayi kalifa, wannan ma'aunin mai baki kamar sifana da ke nuna milimita, bata da tsada, kar a dogara da tef ɗin tela. Sai a nemi wurin da tsohuwar robar ta fi lafiya, yawanci can ƙasa inda rana bata duka sosai, a yanka da sabuwar reza a miƙe, a ɗora bakin yankan akan farar takarda kusa da rula a ɗau hoto daga sama. Wannan siffar ita kamfani ke buƙata. In da hali a samu yaro mai zane a kwamfuta, irin ɗaliban injiniya na Yaba ko Akoka, ya zana ta da lambobi a biya shi, kuɗin nan ba asara bane. Duk awo a milimita, kar wani ya kawo inci a cakuɗa.

Sai irin kayan da za'a yi da shi, kar ku ce roba kawai ku yi shiru. Ta gilashi da ƙofa ku rubuta EPDM, ita ce ke jure rana da ruwa bata tsagewa da wuri. Amma EPDM bata shiri da mai, in abun zai taɓa fetur ko baƙin mai toh NBR ake so. Taurin roba ma yana da lamba, ana ce masa Shore A, ku sa kamfanin ya rubuta muku lambar da zai yi a takarda, in ta yi tauri da yawa bata kwanciya in ta yi laushi da yawa bata riƙe gilashi. Murfin fitila kuma a tambaya ko filastik ɗin yana jure rana, dan akwai jan da wata shida ya ishe shi ya koɗe ya koma kalar lemo. Masu son a buga ƙananan maɓallai da injin 3D, hakan yana yi in adadin kaɗan ne kuma baya buƙatar mol, amma ku guji wanda ake kira PLA, yana fara laushi tun wajen digiri 60, kuma motar da aka rufe a ranar Legas dashbod ɗinta yana kaiwa nan. ASA ko ABS ko nailan sun fi.

Yanzu maganar da nake so kowa ya riƙe ko ya manta sauran: kar a buga da yawa sai samfur ya zauna a jikin mota. A sa kamfani ya turo guda biyu ko uku ta jirgin sama ko da tsada, a kai wajen mai gilashi a sa a idon mutane, da igiya da ruwan sabulu yanda aka saba, sannan a kunna tiyo a yi ta feshi ta kowace kusurwa mutum ɗaya na zaune a ciki da tocila yana duba ƙasan dashbod. A bar motar ta yi sati biyu tana shiga rana da ramuka da gosulo. A ɗau bidiyo a tura wa kowa. In akwai gyara a faɗa a sake turo wani samfurin, mu sai a na biyu ya zauna dan kusurwar sama ta ɗan ɗaga a na farko. Wanda aka amince da shi a sa masa alama da fenti a ajiye wajen mutum ɗaya, shine alƙali ranar da kaya suka iso. Mutane za su dame ka da ina kayanmu ina kayanmu, ka daure, gaggawar nan ita ta kai mu ta baro a karon farko.

A gida za'a yi ko waje

Ni ra'ayina a fara dubawa a gida. In abun ƙarfe ne mai sauƙi, biraket ko bushin ko wani murfi na alminiyom, akwai masu injin gurzar ƙarfe a Mushin da kewayen Ladipo, akwai Owode Onirin inda ake samun ƙarfe kowane iri, akwai maƙeran Panteka a Kaduna da suka iya zubin alminiyom, ga Nnewi da suka daɗe suna ƙera kayan mota har da na roba. Amfanin gida shine kana iya hawa mota ka je ka tsaya akan aikinka, ba dala ba kwastam. Amma dogon abu irin robar gilashi mai siffa mai wuya, ko murfin fitila mai kala biyu, yawanci sai an tafi Chana ko Turkiyya ko Indiya.

In waje ne ku tambayi kamfani uku aƙalla, ku tura musu zane iri ɗaya, kowa ya rubuto kuɗin mol daban, kuɗin kowace ƙwaya daban, mafi ƙarancin adadi, da kwana nawa. Wanda ya fi kowa araha da nisa ku yi hattara dashi, araha bata ado. Ku ce a nuna muku cikin masana'antar ta kiran bidiyo, dan da yawa dillalai ne ba masu inji ba. In kuna da ɗan uwa a Guwanzu ta Chana cikin 'yan kasuwarmu ku roƙe shi ya leƙa. Tsarin da aka fi yi shine a biya kuɗin mol, sannan kashi 30 na kaya kafin a fara, ragowar 70 in an gama an nuna hoto kafin a loda, kar ku yarda da biyan duka tun farko. Kuma in Chana ce ku sa lissafin hutunsu na sabuwar shekara da ke faɗowa a Janairu ko Fabrairu, masana'antu rufewa suke na makonni, da kuma satin farko na Oktoba.

Wani abu ƙarami, kar ku ce a buga muku tambarin zaki ko tauraron Marsandi a jikin kayan. Tambarin mallakar kamfani ne, zai iya jawo a riƙe kaya a matsayin jabu, kuma robar ba ta buƙatarsa.

Kuɗi da amana

Toh ga inda zumunci ke lalacewa. Mu Hausawa mun saba da adashe, mun saba da ai ɗan uwa ne ba sai an rubuta ba, kuma kunya ke hana mu tambaya. Amma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, akan rubuta bashi take. Kuma irin wannan cinikin na a ƙera maka abinda babu shi tukuna malamai sun san shi, istisna'i suke ce masa, kuma abinda suka fi nanatawa a kai shine a fayyace siffar abun da adadinsa da farashinsa yanda ba za'a yi jayayya ba. Dan haka rubutawa ba rashin yarda bane.

Mu yanda mukai a karo na biyu, mun raba biyan gida biyu. Na farko kafin alƙalami, shine kason kowa na mol da samfur da ladan mai zane, kuma an faɗa ƙarara an rubuta cewa da zarar an tura kuɗin mol wannan baya dawowa, ko samfur ya yi ko bai yi ba, kasada ce ta kowa da kowa. Na biyu kuɗin kaya da jirgi, ba'a karɓarsa sai samfur ya ci jarrabawa. Kaga ko abu ya lalace asarar rabi ce ba duka ba. Wanda ya fasa a tsakiya ya kawo wanda zai maye gurbinsa su sasanta tsakaninsu, in bai kawo ba kafin alƙalaminsa ya zauna.

Kar a fara ƙirga mutane da ina ciki ina ciki na WhatsApp. Mutum sittin za su ɗaga hannu, ranar biya ka ga ashirin da biyar. Wanda alat ɗinsa ya shigo shi kaɗai ne a ciki. A sa ranar rufewa kuma a rufe da gaske ko waye ya zo daga baya.

Kuɗin kar ya shiga asusun da mutum ke cefane da shi. A ware asusu daban, mutum biyu su san duk abinda ya shiga ya fita, zai fi kyau wanda ke magana da kamfani daban mai riƙe kuɗi daban. Duk sati a tura jadawali kowa ya gani: wa ya biya, nawa aka tara, nawa aka kashe, ga rasit. Ko ba wani sabon labari a ce ba labari wannan satin, dan shiru shi ke haifar da zargi, mutum in ya kwana biyu bai ji komai ba sai shaiɗan ya fara raya masa an cinye.

Sai dala. Duk wanda ya ga abinda ya faru daga Yuni 2023 da aka saki naira ya san zancen, dala tana ƙasa da 500 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 ta haura 1,500. In kamfani da dala ko yuwan ya baku farashi toh ku ma ku faɗa wa mutane da dala, kowa ya biya da canjin ranar da ya biya, kuma kuɗin da aka tara a canza shi da wuri kar a bar shi yana kwance a naira wata biyu. Ku ɗora kamar kashi 10 na ko-ta-kwana, in ya ragu a mayar wa kowa canjinsa ko naira dubu ce, wannan mayarwar ita ke sa gobe in ka kira a amsa.

Shi kuma mai jan ragamar, wahala yake sha ba kaɗan ba, kiran tsakar dare saboda bambancin lokaci, zirga-zirga, kuɗin data da mai. Ni ina ganin ya dace a bashi wani abu, ko a ce nasa kayan kyauta ne ko a yanka masa lada, amma a faɗa a fili tun ranar farko. Wanda bai dace ba shine ya ce dan Allah yake yi sannan ya ɓoye riba cikin farashi, ranar da aka gano, kuma ana ganowa, ba mai sake yarda dashi.

Kar a manta da mol ɗin kansa. Ku kuka biya dan haka naku ne, a rubuta da kamfani cewa bazai buga wa wani da shi ba sai da izininku, da kuma shekara nawa zai ajiye muku. A tsakaninku ma a yanke tun yanzu, in an zo zagaye na biyu sababbin shiga za su ɗan ɗora wani abu a rage wa na farko, dan ba adalci bane wasu su ɗau kasada wasu su zo su sha romo a farashin ƙwaya kawai.

Shigo da kaya da rabawa

Nan ba sai na ja ba. In kayan basu kai a cika kwantena ba, kuma ba za su kai ba, ku bi ta ejan masu haɗa kayan mutane da yawa su yi kiliyarin su baka a sitonsu a Legas. Ku tambaya a rubuce ko farashin ya haɗa da kwastam da harajin VAT na kashi 7.5, kar kaya su iso tashar jirgin ruwa ta Apapa ko Tin Can a fara kawo muku sabon lissafi. Jirgin ruwa da girman kwali ake caji kuma a sa ran wata biyu ko fiye in an haɗa da fitarwa, jirgin sama da kilo ne amma in kwali ya yi girma ba nauyi suna lissafa girman ne, kuma roba tana cin wuri. Ku ce kar a ninke robar gilashi a matse, a naɗe ta da faɗi, in ta karye a lanƙwasa ta daɗe a haka bata komawa daidai. Ku ƙara 'yan ƙwayoyi akan adadinku saboda wanda zai zo da matsala.

Ranar da kaya suka iso kar mutum ɗaya ya buɗe shi kaɗai. Mu a garejin wani ɗan uwa a Agege muka haɗu mu biyar, aka kunna bidiyo tun daga yanka selotef, aka ƙirga, aka zaro guda biyar ba zaɓe aka gwada da samfurin nan mai alamar fenti, aka sa ɗaya a mota nan take aka yi mata wankan tiyo, sai da muka ga ko ɗigo babu sannan aka fara kiran suna. Na Legas kowa ya zo ya sa hannu ya ɗauka, 'yan Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago duk a ranar suka karɓa. Na Kano da Kaduna da Jos muka ba motocin Arewa, kowa ya biya kuɗin aikensa, a rubuta suna da lambar waya a jikin kwali a ɗau hoton kwalin da lambar motar a tura masa. Duk wanda ya ga matsala a tasa an bashi sati biyu ya turo hoto a canza masa daga rarar da aka ajiye, bayan sati biyu ragowar aka sayar aka zuba kuɗin a asusu.

In ka karɓi taka kar ka ba kowane yaro ya sa maka, ka nemi tsohon mai gilashi da ya san aikin igiya, dan yaran yanzu sun fi sabawa da gilashin da ake mannawa da gam. Kuma kafin a sa sabuwa a kankare tsatsar bakin ƙarfen a shafa fenti ya bushe, in ba haka ba ka rufe ruɓa ne a ƙarƙashin sabuwar roba. Wadda zaka ajiye ta gaba kuma a sa ta a leda a inuwa, nesa da janareto da mai.

Yanzu haka robar ƙofofi huɗu ta salun muke aunawa, mun samu mota biyu muna neman ta uku wadda ba'a taɓa yi wa ƙofofinta aikin fanel bita ba, in akwai mai irinta a Legas ya taimaka ya kawo ta ranar Asabar, awa ɗaya ya isa mu gama awon.